Kurakuran da ke kafe mota a rairayi

Na gaji da ganin samari sun ɗauko Hilux fes daga birni, sun nufi tuddan rairayin Tulo-Tulo daga Yusufari a jihar Yobe, tayoyi cike tam da iskar kwalta. Taya mai tauri yanka rairayi take yi ta nutse. Da zarar kwalta ta ƙare, tsaya ka sace iska. Idan a titi awon iskar tayarka 32 ne ko 35, ni nakan sauke zuwa 18, wani wurin har 15. Tayar za ta baje ta hau bisa yashin. Sai dai kada ka yi gudu ko ka murɗa sitiyari da ƙarfi, za ta iya fita daga rim. Kuma ka riƙe famfonka, babu mai faci a dajin.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne taka totur bayan mota ta kafe. Wani ƙanena da na ba tuƙi ya yi min haka da tsakar rana. Ina ce masa “Kai, ɗaga ƙafarka!”, shi kuwa sai ƙara takawa yake, taya na feso yashi, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Da na ji ƙaurin kulochi na san an gama. A gindin aduwa muka kwana, kuɗin jawo motar da gyaranta kuwa ba na son tunawa. Haba jama'a! Taya na juyawa mota ba ta motsi, me kake jira? Sauka, ɗauki shebur, kwashe yashin gaba da bayan tayoyi da na ƙarƙashin motar, shimfiɗa katako ko rassan kalgo, ka koma baya a hankali ta sawun da ka shigo. Giyar ƙafa huɗu ma tun kafin ka shiga ake sa ta.

Birki da ƙarfi na tara yashi a gaban taya, bar motar ta tsaya da kanta. Na fi son tafiyar asuba, lokacin rairayi na da sanyi ya fi ɗaukar nauyi. Kada ka ajiye mota kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa na tayar da gobara.

Wajen kwana, wasu sai su kafa tanti a cikin busasshen rafi saboda laushin ƙasa. Da damina ruwan da aka yi a nesa zai iya iske ka cikin dare. Hau tudu. Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada ka zaga bayan tanti ba tocila, kububuwa da dare take yawo.

Ni dai ba na kwana a daji sai na gaida mai unguwar ƙauye mafi kusa, na tambayi lafiyar hanya. Mota ɗaya kuma ba na shiga da ita, sai biyu, da igiyar ja da jarkokin ruwa a kowacce.