Yanda Za Ka Kalli King Kong Na 1933 Har Ka Ji Daɗinsa

Mutane da yawa suna kunna King Kong na 1933, su yi minti 15 suna jira, su ga babu biri babu dodo sai maza cikin kwat suna ta surutu a jirgin ruwa, kawai sai su kashe su ce tsohon yayi ne. Gaskiya abun nan yana min ciwo, don fim ɗin da ya haura shekara 90 ana ta maganarsa ana sake yin irinsa ai ba a banza ba, akwai dai yanda ake zama a kalle shi, in ka bi ta nan wallahi birin nan sai ya tsaya maka a rai.

Fara da tabbatar da cewa kwafin da ke hannunka shi ne na ainihi, don sunan ya yi yawa. Akwai na 1976 wanda Jessica Lange ta fito a ciki, akwai na Peter Jackson na 2005, har da wani Son of Kong da aka yi cikin gaggawa aka saki a ƙarshen 1933 ɗin. Wanda muke magana na kamfanin RKO ne, daraktocinsa Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack, jarumar Fay Wray, tsawonsa wajen minti 100, wasu kwafin suna da ƙarin kiɗa na kaman minti 4 a farko kafin hoto ya fito, kar ka zaci lalacewa ya yi. In ka ci karo da mai kala ka bar shi, daga baya aka shafa masa kalar a ƙarshen shekarun 1980, kuma ta kashe duhun dajin nan da hazon da aka tsara shi da baƙi da fari tun asali.

Sai maganar yanka. Da aka sake sakin fim ɗin a 1938 ƙa'idar tace fina-finai ta Holiwud ta riga ta yi ƙarfi, sai aka cire wasu sin, inda Kong yake tauna mutane, inda yake take 'yan tsibiri da ƙafa cikin taɓo, inda yake yage kayan Ann, wato yarinyar da Fay Wray ta fito a matsayinta, yana sansana yatsunsa, da inda ya zura hannu ta tagar otal ya ɗauko wata mata tana barci, ya duba ya ga ba wadda yake nema ba ce ya sake ta daga can sama. An yi shekaru ana kallonsa a haka, sai wajen 1970 aka mayar da su. Toh ka duba, in babu sin ɗin matar tagar nan kwafinka yankakke ne, ka nemi wani. Dalili kuwa, in an cire ta'asar Kong sai ya koma wata dabba mai ban tausayi tun farko, tausayin da za ka ji a ƙarshe ya zama mai arha, alhali ƙarfin fim ɗin shi ne ka ga ɓarnar da ya yi da idonka kuma duk da haka zuciyarka ta koma wajensa. Saboda waɗannan sin ɗin ne kuma zan ce in da ƙananan yara za ka kalla ka fara kallo kai kaɗai tukuna.

Ka kashe fitila, ka ajiye waya nesa, in kana da talabijin ka kalla a nan maimakon ƙaramin sikirin. Abu biyu ka gyara a saitin, kar ka bari a miƙe hoton ya cika faɗin sikirin, fim ɗin kusan murabba'i ne, baƙin da ke gefe da gefe daidai ne. Sannan talabijin na yanzu suna da wani saiti da ke santsar da motsi, ka kashe shi, don yana ƙirƙiro hotuna a tsakanin na ainihi ya ɓata tafiyar birin gaba ɗaya.

Yanzu haƙuri. Kong ba ya fitowa sai an haura minti 40, kuma da gangan aka yi hakan. Maimakon ka dinga duba lokaci ka kalli New York ɗin da aka nuna maka, mata sun yi layi da daddare suna jiran abinci da makwanci, Ann da yunwa ta sa ta kai hannu kan tuffa a wajen mai saida kayan marmari aka kama ta. Lokacin karyewar tattalin arziƙin Amurka ne, an fara haska fim ɗin a New York ranar 2 ga Maris 1933, kwana biyu bayan nan aka rantsar da Roosevelt shugaban ƙasa, kafin sati ya zagayo an rufe bankunan ƙasar duka, amma a haka mutane suka dinga cika sinima. Yarinyar da ta yarda ta bi baƙon mutum cikin jirgin da ba ta san inda za shi ba, masu kallo na lokacin sun san yunwar da ke sa mutum yin haka. Shi kuma Carl Denham, ɗan fim ɗin nan mai kasada da bakin tsiya, kusan Cooper ne da kansa, don shi da Schoedsack sun yi yawon ɗaukar fim a wurare masu wuya, fim ɗinsu Grass a Iran a 1925, Chang a dajin ƙasar da yanzu ake kira Tailan a 1927, kuma matar Schoedsack, Ruth Rose, tana cikin waɗanda suka rubuta labarin. Ka kula sosai da sin ɗin da Denham ya tsayar da Ann gaban kyamara a saman jirgi yana ce mata ta ɗaga kai sama, ta ƙara ɗagawa, ta yi kaman ta ga abun tsoro ta kurma ihu. Babu komai a gabanta sai iska, amma daga nan tsoro yake shiga fim ɗin, kai ma ka fara tambayar kanka me za ta gani.

Da birin ya fito, nan ne yawancin 'yan yanzu suke kuskure, suna auna shi da aikin kwamfuta suna neman inda ƙarya take. Ai ba a ɓoye take ba. Kong ɗan mutum-mutumi ne mai tsawon inci 18, ko rabin mita bai kai ba, Marcel Delgado ne ya haɗa shi, ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi a ciki, a naɗe da roba da soso a yi masa tsoka, sannan a rufe da fatar zomo. Willis O'Brien da yaransa su ne masu ba shi rai, a ɗan lanƙwasa hannu kaɗan a ɗauki hoto ɗaya, a ƙara lanƙwasawa a ɗauki wani, hoto 24 kafin a samu sakan ɗaya, wato minti ɗaya hoto 1,440 kenan, ga zafin fitilu, in kwan fitila ɗaya ya mutu a tsakiyar aiki haske ya canza sai a koma farko. Toh ka zuba ido kan gashin kafaɗarsa da bayansa, za ka ga yana ta rawa yana kwanciya yana tashi kaman iska na kaɗa shi. Sawun yatsun masu aikin ne, duk taɓawa ɗaya sai gashin ya sauya kwanciya. Ni a wajena wannan ne ya sa fim ɗin ya ƙi tsufa, duk motsin da dabbar nan ta yi wani mutum ne ya tsaya ya yi tunani ya yanke shawara ya sa hannu, kuma kana ganin hannun.

In kana son ka gane abun da nake nufi ka maimaita faɗansa da babban dainoso ɗin nan mai haƙora, sau biyu ko uku. Kong yana kai naushi yana kaucewa yana hawa bayan abokin faɗa kaman ɗan dambe, Ann tana can saman busasshiyar bishiya tana ihu har suka ture bishiyar. Bayan ya kama muƙamuƙin ya ɓalle shi, sai ya tsaya, ya ɗaga muƙamuƙin ya sake shi, ya ƙara buɗewa ya rufe yana leƙawa ko da sauran rai, sannan ya miƙe ya daki ƙirji. Labarin bai buƙaci wannan ɗan wasan ba ko kaɗan, awanni aka ƙara na aiki saboda shi, amma a nan ne za ka ji cewa akwai tunani a cikin kan nan, ya tashi daga dodo ya zama wani mai hali nasa.

Ka lura da zurfin dajin ma. Zane ne aka yi a kan gilasai aka jera gaba da baya, ƙananan bishiyoyi a tsakiya, sannan a haska hoton mutane na gaske a wani ɗan ƙaramin allo da aka ɓoye cikin saitin, shi ya sa za ka ga Jack, ma'aikacin jirgin ruwan da ya bi sawun Ann, ya maƙale a kogo Kong yana laluben sa da hannu daga sama. Akwai kuma ƙaton hannu da ƙaton kai da aka ƙera a girman gaske, kan har mutane ke shiga ciki suna motsa ido da baki, kuma gaskiya shi ne ya fi rauni a fim ɗin, fuskar ta cika sandarewa, in ta ba ka dariya ba laifi. Girman birin ma ba ya tsayawa waje ɗaya, a tsibiri an auna shi kaman ƙafa 18, a New York aka ƙara shi zuwa wajen 24 don kar dogayen benaye su shanye shi, Cooper bai damu da lissafi ba, abun da ido zai ji yake bi.

Kunne ma yana da aiki. Rurin Kong, Murray Spivack ne ya haɗa shi da kukan zaki da na damisa, ya juya shi baya ya rage masa gudu. Kiɗan kuma na Max Steiner ne, kuma abun da zan so ka saurara shi ne inda babu kiɗan. Bayan sunaye sun wuce shiru ne har sai jirgi ya shiga hazo kusa da tsibirin, sannan kiɗa ya lallaɓo. Lokacin da sarkin tsibirin yake saukowa daga matakala kowane taku da sautinsa. Faɗan dainoso babu kiɗa sam, ruri ne da ihu da karyewar itace.

Akwai wajen da ba zan ce ka kau da kai ba. Yanda aka nuna mutanen tsibirin wulaƙanci ne ƙarara, baƙaƙen fata da aka yi musu shigar da Holiwud ta ƙirƙira, ba su da magana sai tsoro da sadaukar da 'ya'yansu mata, har sarkinsu, wanda Noble Johnson ya fito a matsayinsa, yana tayin mata 6 a ba shi farar mace ɗaya. Wannan tunanin masu fim ɗin ne da zamaninsu, kuma mummuna ne, ka kalle shi da sunansa. Amma ka riƙe shi a ranka har zuwa sin ɗin da aka buɗe labule a gidan wasa na New York, ga Kong an ɗauko shi daga ƙasarsa a jirgin ruwa an ɗaure da sarƙa hannu da wuya, masu kuɗi sun sayi tikiti sun zo kallo. Masu sharhi da yawa sun daɗe suna cewa hoton cinikin bayi ne wannan, ko masu fim ɗin sun nufa ko ba su nufa ba, kuma da wuya ka kalli wajen nan ka ci gaba da ganin Denham a matsayin jarumi.

Daga nan ka sa ido a kan kanka, ka ga a wane minti ne ka sauya ɓangare. Kong ya fasa jirgin ƙasa mai bi ta kan gada cike da mutane, ya hau Empire State, wanda a lokacin shekararsa 2 kacal da buɗewa kuma shi ne gini mafi tsawo a duniya, hawa 102. Jiragen sama 4 suka zo, kiɗa ya ɗauke, sai ƙarar inji da bindiga. Ka kalli yanda yake ajiye Ann a gefe kafin ya fuskance su, da yanda ya taɓa ƙirjinsa ya ɗago yatsu yana kallon jini, bai san menene wannan abun da ke cizonsa daga nesa ba. Mutum biyun da ake nunawa a kusa cikin jirgin da ya ƙarasa shi, Cooper ne da Schoedsack da kansu.

In ka gama kar ka ɓata lokaci neman sin ɗin ramin gizo-gizo da ake ta magana, inda ƙwari suka cinye ma'aikatan jirgin ruwan da Kong ya kakkaɓo daga kan gungumen da suke tsallaka rami a kai, an cire shi tun kafin a saki fim ɗin kuma ya ɓace, wanda ke yawo yanzu Peter Jackson ne da mutanensa suka sake ƙera shi da tsofaffin dabaru a 2005. Abun da ya fi shi ne ka bi zuriyar. Sake sakin Kong a 1952 ya kawo kuɗi sosai, shekara ɗaya bayan nan The Beast from 20,000 Fathoms ya fito da aikin Ray Harryhausen, wanda Kong ɗin nan ne ya gani yana yaro ya shiga sana'ar, sai Godzilla na kamfanin Toho a Japan a 1954, inda Eiji Tsuburaya, mai aikin ba dodon rai, ya so bin hanyar O'Brien amma lokaci da kuɗi suka hana, sai aka sa mutum cikin rigar dodo yana taka ƙananan gine-gine. Shi ma in za ka nema ka nemi na Japananci na darakta Ishiro Honda mai fassara a ƙasa, don wanda aka sake yankawa a Amurka a 1956 an rage masa maganar bam ɗin nukiliya da yawa, kuma ita ce zuciyar fim ɗin.