Kurakuran da baƙi suka fi yi a Birisben, da yadda za a kauce musu

Kuskuren farko tun a gida ake tafka shi, daren da ake haɗa kaya. Mu dai ba ma tafiya hannu rabbana. Ga kilishi an naɗe a takarda, ga ƙullin daddawa, ga kuka da busasshiyar kuɓewa, wani ma har da dambun nama da 'yan ƙwayoyin goro. To, Ostareliya ba ta wasa da abin da ake shigo mata da shi, domin tsibiri ce da ke gudun cututtukan dabbobi da ƙwarin amfanin gona. Tun a jirgi za a miƙo maka katin shiga ƙasa, a tambaye ka ko kana ɗauke da nama, ko tsiro, ko iri, ko kayan itace. Kilishi da dambun nama kam ka bar wa yara su cinye, don ba za su wuce ba. Sauran kuwa ka amsa cewa kana da su, ka buɗe jaka ka nuna. Wanda ya faɗi gaskiya, iyakarta a karɓe abin a zubar. Wanda ya ɓoye har kare ya shinshino, tara ce mai zafi, wani lokaci ma a soke bizarsa a mayar da shi inda ya fito.

Ka kuma sa katin rigakafin zazzaɓin shawara kusa da fasfo. Ana neman sa daga duk wanda ya kwana a ƙasa irin Najeriya ko Nijar cikin kwana 6 kafin saukarsa. Biza kuwa ba a ba mu ita a filin jirgi. Ta intanet ake nema tun daga gida, mai lamba 600 ita ce ta masu ziyara, kuma ba a sayen tikiti sai ta fito.

Hutun Disamba ba lokacin sanyi ba ne a can

Birisben, wadda za ka ga an rubuta Brisbane a tikitinka, ita ce hedikwatar jihar Kwinsland, kuma ta uku a girma bayan Sidni da Melbon. Tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokutan shekararta a juye suke. Mutum zai bar Kano cikin hunturu, leɓe na tsagewa, ya cika akwati da rigunan sanyi don ya ji an ce ƙasar Turawa, sai ya sauka cikin gumi. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan kai digiri 30, abin da ɗan Sakkwato zai yi wa dariya, sai dai zafi ne mai damshi irin na Legas, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Lokacin ne kuma hadari ke haɗowa da la'asar, a yi tsawa, wani sa'in har da ƙanƙara. Garin ya sha ambaliya mai muni a 1974, da Janairun 2011, da Fabrairun 2022, kuma duk cikin waɗannan watanni ne.

In da zaɓi, ka zo tsakanin Yuni da Agusta. Rana tarwai, sama wasai, zafi bai cika wuce digiri 22 ba, da dare kuma ya sauka wajen 10, rigar sanyi ɗaya ta isa. Oktoba ma tana da nata kyau, lokacin da itatuwan jakaranda ke zubar da fure shuɗi-shuɗi a lambun New Farm har ya rufe ciyawa.

Kada ka ce ai kai baƙin fata ne, rana ba ta yi maka komai. Kwinsland na cikin wuraren da sankarar fata ta fi yawa a duniya, kuma hasken ranar nan yana ƙona wuya da goshi ko da akwai gajimare. Hula mai faɗi, man kariya daga rana, da gorar ruwa. Ruwan famfo ana sha, kar ka ɓata kuɗi kan na roba.

Garin kogi ne, ba na bakin teku ba

Wannan shi ne ruɗin da ya fi kama mutane. An ga hotunan farin yashi da igiyar ruwa, an ɗauka daga otal za a taka a isa. Birisben a kan kogi take zaune, kogin da ke lanƙwasa kamar maciji ya ratsa tsakiyarta kafin ya faɗa gaɓar Moreton. Yashin da za ka gani a cikin gari na Streets Beach ne, a unguwar South Bank, kuma mutane ne suka gina shi, tafki ne da aka zuba wa yashi a filin da aka yi baje kolin duniya na 1988. Kyauta ne, akwai masu ceto, yara na jin daɗinsa. Amma tekun gaske sai ka ware yini guda: Gold Coast na kudu, wajen kilomita 80, Sunshine Coast na arewa, wajen kilomita 100. Ni na fi son tsibirin North Stradbroke, wanda masu ƙasar na asali ke kira Minjerribah. Jirgin ƙasa zuwa Cleveland, daga nan jirgin ruwa. Babu cunkoso, kuma a watannin sanyi kana tsaye kan dutse za ka hango manyan kifayen nan da ake kira wel suna wucewa.

In ka je teku, tsakanin tutoci biyu masu ja da ruwan ɗorawa kaɗai ake wanka. Inda ruwan ya yi lif kamar ba komai, sau da yawa nan ne yake jan mutum ciki. Iyon da ka koya a kududdufi ko a madatsar ruwa ba shi ne na teku ba. Kogin cikin gari kuwa ko kusa kar ka shiga: ruwansa gurɓatacce ne da laka, yana da ƙarfi, kuma akwai kifin shak a ciki. Lambar neman agaji 000 ce.

Abin da ake yi da kogin shi ne a hau shi. Nan ma baƙi ke asara, su yi ta biyan tasi a gari da jirgin ruwa ya fi komai daɗi. CityCat, jiragen nan masu gudu da suka fara aiki a 1996, suna tasowa daga jami'ar Kwinsland a St Lucia su gangara har Hamilton, su bi ta ƙarƙashin gadar Story da aka buɗe a 1940, su wuce gindin duwatsun Kangaroo Point. Tun watan Agustan 2024 kuɗin bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa ya koma senti 50 kowace tafiya, kusa ko nesa. Wato da kuɗin da bai sayi kofin shayi ba za ka ga rabin gari. Ka shiga gab da magariba, ka tsaya a gaban jirgi inda iska ke dukan fuska, fitilun gada na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaci na jefa igiya a kowace tasha yana ɗaurewa cikin ƙiftawar ido. Ka taɓa katinka na biyan kuɗin tafiya a na'ura lokacin shiga, ka sake taɓawa lokacin fita, na biyun ne mutane ke mantawa. Jirgin ƙasa na filin jirgi, Airtrain, ba ya cikin wannan rahusa, kuɗinsa daban.

Agogon garin da naka ba ɗaya ba ne

Birisben na gaban Najeriya da awa 9, ga tafiyar da daga Doha ko Dubai kaɗai ta kai awa 14 a sama. Kar ka tsara komai mai nauyi a ranar farko. Amma babbar matsalar ba ita ce wannan ba. Mutanen garin masu sammako ne. A Disamba rana na fitowa kafin ƙarfe 5, kuma kafin 6 bakin kogi ya cika da masu gudu da masu keke. Saboda haka da wuri suke rufewa. Wuraren shan kofi da yawa sun kulle kafin ƙarfe 3 na rana, shaguna wajen 5 ko 5 da rabi in ban da daren Juma'a a tsakiyar gari, gidajen abinci kuma da yawa sun kashe wuta wajen 9. Wanda ya saba fita neman tsire da shayi bayan isha zai kwana da yunwa. Gyaran mai sauƙi ne: yawo da safe, tsakar rana a shiga inuwa. Gidan zane-zanen GOMA da gidan tarihin Kwinsland duk suna South Bank, shiga kyauta, ga sanyin na'ura. Hasumiyar agogon zauren birni, ginin 1930, ita ma kyauta ake hawa, sai dai a kama gurbi tun da wuri.

Sai maganar salla. Ranar da na sauka, ban tsaya tunani ba na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa, kamar yadda muka tashi muka tarar. Sai da na idar na duba waya, na ga na juya wa Ka'aba baya ne. Alƙibla a Birisben yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Asuba kuma a watannin zafi tun kafin ƙarfe 4 take shiga, ka saita ƙararrawa da jadawalin garin. Masallatai suna nan amma yawancinsu a unguwannin kudu: na Holland Park, wanda tarihinsa ya faro a 1908, da na Kuraby da jirgin ƙasa ke kai mutum kusa. Ranar Juma'a ka fita da wuri.

Abinci kuwa sai da tambaya, musamman karin kumallo, inda naman alade kan shigo cikin ƙwai da burodi ba tare da sunansa ya fito ɓaro-ɓaro ba. Wuraren halal suna da yawa. In kewar gida ta taso, nufi Moorooka, kan titin Beaudesert, inda 'yan Sudan da Habasha da Eritiriya ke da shaguna da gidajen abinci. Ba a ciniki a kanti, ba dole ba ne ka ba mai kawo abinci tukwici, amma ranar Lahadi da ranakun hutu wasu kan ƙara kaso a kan kuɗin, kar ka ɗauka cuta ce.

Akwai masu zuwa da burin rungumar kowala, 'yar dabbar nan mai laushin gashi da ke zama a kan itace, su ɗauki hoto. Gidan dabbobin Lone Pine, wanda aka kafa a 1927, ya daina ba baƙi su riƙe ta tun Yulin 2024. Za ka gan ta dab da kai tana barci a reshe, za ka ciyar da kangaru da hannunka, wannan ma ya isa labari. Kar ka ba farin tsuntsun nan mai dogon baki abinci a lambu, ɗaya ka ba, goma za su kewaye ka. A watan Satumba kuma in ka ga allon gargaɗi kan tsuntsun magfai, ka sauya hanya, yana kare sheƙarsa ne kuma kan mutum yake kai wa sara.

Taswira na yaudara. Wani zai ce tunda ya zo, bari ya leƙa Sidni da safe ya dawo da yamma, alhali sama da kilomita 900 ne a mota, Cairns kuma, inda aka fi zuwa kallon murjanin teku, wajen kilomita 1,700. In kwana 5 gare ka, ka bar su sai wani zuwan.

Mota ma ban ga amfanin hayarta a cikin gari ba. Hannun hagu suke tuƙi, wurin ajiye mota tsada, manyan hanyoyin da ake biya ba su da shingen karɓar kuɗi, kyamara ce ke ɗaukar lamba sai dai bashi ya biyo ka. Taɓa waya kana tuƙi tararsa ta haura dala 1,000 ta ƙasar. Ko a ƙafa kake, dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka titi, ba hagu ba. In ka ɓata a tsakiyar gari, duba sunan titin: masu sunan mata irin su Ann, Adelaide, Elizabeth, Charlotte da Mary a jere suke gefe guda, masu sunan maza irin su Edward, Albert da George su ne ke gitta su. Kogi ba shi da nisa da waɗannan tituna, in ka ci karo da shi sai ka nemi tashar jirgin ruwa mafi kusa.