Kurakuran da 'yan kasuwarmu ke yi a tafiyar Kano zuwa Gwanzu

Duk shekara sai yaro ɗaya ko biyu daga ƙauyukanmu na bayan Ringim ya tara jari ya ce zai je Sin saro kaya, ya zo shagona da tikiti a waya in duba masa. Na gaji da ganin abu ɗaya.

Tsakanin Kano da birnin Gwanzu na ƙasar Sin kusan kilomita 11,000 ne, kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Yawancinmu ta Adis Ababa muke bi: wajen kilomita 3,300 daga filin jirgin Malam Aminu Kano, sannan wasu 8,000 ɗin, awa goma da wani abu a zaune. Amma agogo ya fi nisan kayar da mutane. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da za ka tashi ne ko wanda za ka sauka. Habasha na gabanmu da awa 2, Sin da awa 7. Sai ka ga mutum ya duba lokacin sauka a tikiti ya ce wa mahaifiyarsa "Inna, da la'asar zan sauka", ita kuwa tana can tana jiran la'asar ɗin Jigawa, shi ya kai tun da hantsi.

Wannan da sauƙi. Wanda ya ƙona ni shi ne 00:30. A dawowata ta farko tikitin ya ce Laraba, 00:30. Ni da kaina, mai yi wa mutane lissafin buhuna, na wuni Laraba a kasuwa ina cinikin takalma, na yi wanka, na tafi filin jirgi da daddare da ƙatuwar jaka biyu. Ma'aikaciyar ta duba, ta nuna min kwanan wata da biro. Jirgin ya tashi tun daren jiya! Wato daren Talata ya kamata in je, don sha biyu na wucewa Laraba ta shiga. Sai da yayana ya kai bijimin da nake kiwo kasuwar Maigatari kafin na sami kuɗin sabon tikiti. Har yau idan na ga sifiri biyu a farkon lokaci, kwanan watan jiya nake rubutawa a bayan hannuna. Ku yi dariya, na yarda.

Kuma ku daina ɗaukar tikitin da tsakanin sauka da canjin jirgi awa ɗaya ce don kawai ya fi araha. Da hunturu hazo kan hana jirgi tashi a Kano kan lokaci, wancan kuwa ba zai jira ka ba. Ni ƙasa da awa uku ba na karɓa. Ranar tafiya ma ba na fitowa daga gida. A Kano nake kwana, don motar haya sai ta cika.

Fawabanki a jakar hannu yake zama. Turaren ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu za a ƙwace. Fasfo ya rage aƙalla wata shida, katin allurar shawara yana tare da shi. Kilishi kuma ka cinye shi kafin ka sauka.

A cikin jirgi ka riƙa miƙewa kana ɗan tattaki. Wani ɗan ƙanina ya ji kunyar tada na gefensa, ya zauna daram har Gwanzu, ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, da safa ya fito.