Aikin sa kai a gonakin ƙuryar arewacin Turai: kurakuran da aka fi yi da yadda ake kauce musu

Tun 1971, lokacin da wata sakatariya a Landan mai suna Sue Coppard ta fara haɗa mutanen birni da manoman da ba sa amfani da takin zamani ko maganin feshi, tsarin da ake kira WWOOF bai sauya sosai ba. Kai za ka ba manomi aikin awa 4 zuwa 6 a rana, shi kuma ya ba ka abinci da wurin kwana, ya koya maka abin da ya sani. Babu albashi. Daga baya Workaway da HelpX sun bi sahu. Gonakin da suka fi jan ido a hoto su ne na arewacin Suwidin da Norwe da Finlan: gidan katako a bakin tafki, ba wayar lantarki, ba famfo, maƙwabci yana can nesa. Wuraren suna da kyau, kuma akwai ilimi na gaske a cikinsu. Sai dai mutumin da ya tashi a ƙasar rana yakan isa can da ɗabi'un da suka amfane shi a gida, irin su juriya da kawaici da rashin son damun mai masauki, waɗanda a cikin sanyin digiri 25 ƙasa da sifili suna iya jawo masa asarar yatsa ko abin da ya fi haka.

Kuskuren farko tun kafin a ɗaure kaya ake yin sa. Mutum ya ce tunda ba kuɗi za a biya shi ba, ai ba aiki ba ne, bizar ziyara ta wadatar. Hukumomin shige da fice da yawa ba haka suke kallon lamarin ba. A wurinsu abinci da masauki lada ne, wanda ya karɓe su a madadin guminsa kuwa ma'aikaci ne. A Birtaniya, mai bizar ziyara kwana 30 kacal aka yarda ya yi aikin sa kai, shi ma sai a ƙungiyar agaji mai rajista, ba a gonar wani ba. Ɗalibin da ke da takardar zama a wata ƙasar Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu da biza ɗaya, yana iya ziyartar sauran na kwana 90 cikin kowane 180, amma wannan izinin ziyara ne, ba na aiki ba. Ka rubuta wa hukumar shige da ficen ƙasar da kanka, ka faɗi ainihin abin da za ka je yi, ka ajiye amsarsu. WWOOF ba ta ba da biza. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka bizar aikin gona ta wannan hanya, kuɗinka yake so.

A wajen haɗa kaya, a bar kilishi da dambun nama da man shanu a gida. Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, kuma ba manomin da zai so su kusa da garkensa. A ƙasashen arewacin Turai ƙa'ida ce wanda ya taɓa dabbobi a wata ƙasa ya jira awa 48 kafin ya shiga ɗakin dabbobinsu, ya kuma wanke takalminsa fes. Kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Tumaki talatin ɗin nan su ne dukiyar mutumin gaba ɗaya.

Sai zaɓen lokaci. Wanda ya je a watan Janairu da niyyar koyon shuka ya yi ɓatan kai, domin ƙasa a daskare take ƙarƙashin dusar ƙanƙara. A Tromso, wani birni a arewacin Norwe, rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sannan ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli. Aikin hunturu shi ne jidar itace, ɗebo ruwa, kwashe ƙanƙara daga hanya, ba dabbobi ciyawa, gobe ma haka. Tumaki suna haihuwa a Afrilu da Mayu, ana yankan ciyawa a Yuli, ana haƙar dankalin turawa a Satumba. Mai zuwa karon farko ya nufi tsakanin Mayu da Satumba, ya tafi da shirin sauro, domin daga ƙarshen Yuni sauron yankin Laplan, can ƙuryar arewacin waɗannan ƙasashe, yana tashi kamar hayaƙi, ko da yake ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro.

In kuwa lallai hunturun kake so, to maganar tufafi ba ta wasa ba ce. Kusan kowa yakan sayi ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya ya ɗora ta kan singileti da wandon jins, ya ga ya gama shiri. Matsalar tana ƙasa, a jikin fata. Auduga tana shan zufa ta riƙe, da ka tsaya da aiki sai jiƙaƙƙen tufafin ya dinga zuƙe ɗumin jikinka. Abin da ke taɓa fata ya zama ulu, a ɗora suwaita a kai, sannan riga mai tare iska, ta yadda za ka iya cire ɗaya in jiki ya ɗumama. A nan ne ƙwazo yake cutar da mutum: sabon zuwa yana so ya nuna shi ba rago ba ne, sai ya kama faskare da ƙarfin tsiya har ya jiƙe sharkaf, bayan minti goma kuma ya hau karkarwa. Ka lura da mutanen wurin, a hankali suke aiki don kada su yi gumi. Sannu ba ta hana zuwa. Takalmi ya fi ƙafarka girma kaɗan, don safa biyu su shiga kuma yatsu su iya motsi, domin matsattsen takalmi yana tare jini, ƙafar da jini bai isa ba kuwa ita ce ta farko wajen daskarewa. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai raba su ɗumi.

Ga inda nake so a tsaya a saurara. Yatsa in yana zafi don sanyi, da sauran lafiyarsa. Lokacin da zafin ya ɗauke, wurin ya mutu, ya yi tauri, lokacin ne ɓarna ta fara, kuma a daidai lokacin ne mutum yake cewa ai ya saba. Hotunan littattafan agajin gaggawa farar fata suke nunawa. A baƙar fata wurin yakan yi toka-toka ne, wanda bai sani ba sai ya wuce shi. Kada a murza wurin, kada a goge shi da ƙanƙara, kada a kara shi a wuta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba. A shiga ɗaki, a sa shi cikin ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, a nemi likita. Lambar gaggawa 112 ce a Suwidin da Finlan, motar asibiti a Norwe kuma 113. Wanda ya fara tuntuɓe, harshensa ya yi nauyi, yana jin barci a waje, sanyi ya shiga cikinsa. A kai shi ɗaki nan take ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Murhun itace shi ne rayuwar gidan, shi ne kuma abin da ke iya kashe mutum cikin barci. Duk wanda ya san labarin masu shiga ɗaki da kaskon gawayi a lokacin hunturu su rufe ƙofa da taga, ya san wannan guba: iska ce marar wari, marar launi, mai fara wa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Yawancin murhunan can suna da wani faifan ƙarfe da ke toshe bututun hayaƙi don ɗumi ya zauna a ɗaki. Baƙo ya ga harshen wuta ya kwanta, sai ya tura faifan ya hau gado, alhali garwashi yana nan da rai. Ba a rufe shi sai garwashin ya mutu gaba ɗaya. Ka sa mai gida ya kunna wuta a gabanka, ya kashe a gabanka, kai ma ka yi a gabansa, kafin ka kwana kai kaɗai da murhu. Ka tambaya ko ɗakin yana da na'urar da ke ƙara in wannan iska ta taru; in babu, ƙarama ce mai batir, ka sayi taka. Toka kuma a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, a ajiye nesa da bangon katako, domin garwashi yana iya kwana biyu ko uku a cikinta bai mutu ba. Kananzir da fetur ba su da wuri a wajen hura wuta. Ɓawon itacen da ake kira birch da Turanci yana kamawa da ashana ɗaya.

Itacen da kake ƙonawa yau, tun bazarar da ta wuce aka sare shi, aka faskara, aka jera ya bushe har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi ba ɗumi ba, yana kuma tara kwalta a bututu har wata rana bututun ya kama da wuta. Saboda haka ka tambayi wace jera ce ta bana. Zarto mai inji kuwa kada ka taɓa shi in ba a koya maka ba kuma ba a ba ka wandon kariya ba, ko da mai gida ya miƙo maka.

Wutar sola a Disamba kusan babu ita, batiran zamani da yawa kuma ba sa son caji in sanyi ya kai ƙasa da sifili. Wanda ya jona butar lantarki ko na'urar busar da gashi na iya jefa gidan cikin duhu har gobe. Tambayi abin da aka yarda a jona da kuma lokacinsa. Waya tana mutuwa da wuri a sanyi, sai a sa ta a aljihun ciki. Fitilar goshi da batiranta sun fi kwamfuta amfani a can.

Ban-ɗaki magana ce da mutane ke jin nauyin ɗagawa, ga shi kuwa ita ce ta fi haddasa ɓacin rai. Masai ɗin irin waɗannan gonaki busasshe ne: ana watsa garin katako bayan an gama, daga baya abin ya ruɓe ya zama taki. Ruwa mai yawa yana lalata shi, ya sa wari, a hunturu kuma ya daskare. Mai tsarki da buta da ya yi shiru yana ta kwarara ruwa, cikin mako guda zai ɓata aikin shekara. Ka faɗa wa mai gida tun a wasiƙa cewa da ruwa kake tsarki, ku shirya wurin da ruwan zai bi. Yawancinsu sun fi son a gaya musu. Alwala a yi ta a ciki da ruwan ɗumi, a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita, kuma ka nemi bayanin shafa a kan huffi daga malaminka kafin tafiya. Haka lokutan salla da azumi inda rana ba ta faɗuwa: malamai sun yi fatawar bin lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko bin lokacin Makka. Ka tsayar da wanda za ka bi tun kana gida, ba sai ka tsinci kanka ƙarfe goma sha ɗayan dare rana tana sama ba. Wanka a Finlan sau da yawa a ɗakin sauna, wato ɗakin wanka mai zafi da tururi, ake yi, kuma tsirara suke shiga. Ba laifi ka ce kana son naka lokacin kai kaɗai. Abu ne da suka saba ji.

Kawaici a teburin abinci yunwa yake jawowa. In aka ce ka ƙara, ka ce ka ƙoshi don kunya, ba wanda zai sake tayi. Sun ɗauka gaskiya ka faɗa. Jiki kuwa a sanyi yana cin abinci fiye da yadda ya saba. Maganar naman alade da giya da yanka ita ma a gama ta kafin zuwa, domin kanti na iya zama tafiyar awa guda a mota, sau ɗaya a mako. Kifi da ƙwai da dankali da burodi da madara suna riƙe mutum. Ka tafi da yajinka da kuka da kuɓewa busasshiya. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta isa jiki ya haɗa bitamin D ba, mai baƙar fata kuma ya fi kowa buƙatar ƙwayarsa. Shirun mutanen arewa ma kada ya dame ka. Mutum zai yi awa biyu kusa da kai yana aiki bai ce uffan ba, ba fushi yake ba. Amma in ya ce ƙarfe takwas, takwas yake nufi.

Doka ta ba kowa damar shiga daji ya tsinki 'ya'yan itatuwa, sai dai kada ka ci naman kaza in ba wanda mai gida ya duba da idonsa ba, domin akwai farare masu kashe hanta da jajaye-jajaye masu kashe ƙoda, kuma baƙi ne suka fi faɗawa. Tafkin da ya daskare ba a hawansa sai ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 10, kuma sai ɗan gari ya nuna inda za a taka, domin kusa da bakin rafi takan yi siriri.

Na ƙarshe shi ne zuwa ba tare da hanyar fita ba. Akwai masu masauki na kirki da yawa, akwai kuma wanda ma'aikacin kyauta kawai yake nema. Karanta abin da waɗanda suka riga ka suka rubuta a kansa, ku yi magana ta bidiyo ka ga ɗakin da za ka kwana, ku rubuta awannin aiki da ranakun hutu. Tambayi ko waya tana kamawa a gonar, da nisan tashar bas, da ranakun da bas ɗin ke wucewa. Mace mai tafiya ita kaɗai ta nemi gidan da akwai iyali ko wasu 'yan sa kai, ta tambayi ko ƙofarta tana kulluwa. Fasfo ya zauna a hannunka, ba a hannun kowa ba. Ka sabunta allurar tetanus, ka tabbata inshorarka ta ƙunshi raunin aikin gona, domin da yawa daga inshorar tafiya ba sa biyan sa. Ka fara da alkawarin mako biyu, in an dace a ƙara, kuma ka ware kuɗin mota da na kwana biyu a masauki a gari mafi kusa, ka bar adireshin gonar a wurin wani da zai neme ka in ya ji shiru.