Yadda Ake Zaɓen Injin Betkasta, Sanda da Sauran Kayan Fatsa Don Kamun Kifi a Kogi da Tafki

Injin naɗe zare da ake kira betkasta shi ne wanda ke zama a saman sandar fatsa, kuma ƙwarƙwaronsa da kansa ne ke juyawa idan an yi jifa, saɓanin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, wanda zare ke zamewa daga bakinsa alhali ƙwarƙwaron yana tsaye. Daga nan amfaninsa da wahalarsa duka suka taso. Masunci yana iya ɗora babban yatsansa a kan zaren ya sauke abin jifa, wato kifin roba ko cokalin ƙarfe mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi, a gindin itacen da ya nufa ko a bakin ciyawa, amma idan ƙwarƙwaron ya fi zaren da ke fita sauri, sai zaren ya cukurkuɗe a ciki, a ɓata lokaci ana warwara. Masu gyaran agogo na jihar Kentucky a Amurka, irin su George Snyder, su ne suka fara ƙera shi a farkon ƙarni na 19, kamfanin ABU na ƙasar Suwidin ya fito da Ambassadeur a farkon shekarun 1950, yau kuma Shimano da Daiwa na Japan suna cikin waɗanda suka mamaye kasuwarsa.

Kafin a tambayi farashi, a fara tambayar irin kifin da ake nema da nauyin abin da za a jefa masa, domin nauyin abin jifa ne ke jan ƙwarƙwaro ya juya. Betkasta na yau da kullum yana jin daɗin aiki daga giram 7 zuwa sama, mai koyo kuwa gara ya fara da giram 10 zuwa 14. Wanda burinsa karfasa ko kurungu da ƙaramar ƙugiya da tana, bai kamata ya kashe kuɗinsa a nan ba, injin da ke ƙarƙashin sanda ya fi masa sauƙi da arha. Betkasta na mai neman kifayen da ke farautar 'yan'uwansu ne, kamar giwan ruwa da tsage da tufi da manyan tarwaɗa, irin waɗanda ake samu a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji. A riƙa tunawa kuma cewa yawancin waɗannan injuna an tsara su ne saboda kifin bass na Amurka, wanda bai cika wuce 'yan kilo kaɗan ba, alhali giwan ruwa yana iya haura kilo 100.

Abin da ya fi cancantar a biya kuɗi dominsa shi ne birkin jifa, wato abin da ke rage gudun ƙwarƙwaro yayin jifa don kada zare ya cukurkuɗe. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi a gefen ƙwarƙwaro, waɗanda saurin juyawa ke turawa waje su goga jikin zobe. Wannan yana aiki sosai a farkon jifa, lokacin da ƙwarƙwaro ya fi gudu, sai dai a wasu injunan dole a buɗe murfin gefe kafin a ƙara ko a rage shi. Akwai kuma mai maganaɗisu, wanda ake murza maɓallinsa daga waje ba tare da an buɗe komai ba, kuma wannan sauƙin yana da daraja a bakin ruwa inda iska ke sauyawa. Wasu injunan sun haɗa biyun, Shimano kuma tana da masu alamar DC waɗanda 'yar na'ura ke lissafa musu birki, amma tsadarsu ba ta mai farawa ba ce. A ganina mai koyo ya nemi wanda ake saitawa daga waje. Yawan boris da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali kada ya ruɗi kowa: boris 5 masu kyau a cikin gangar jiki ta alminiyam sun fi 12 marasa inganci a cikin roba mai lanƙwasa idan kifi ya ja.

Bayan birkin jifa sai birkin faɗa, wato tauraron da ke kusa da hannun juyawa, wanda ke barin zare ya fita a hankali idan kifi ya fizga, maimakon ya tsinke. Ƙananan injuna sukan riƙe kilo 5 zuwa 7, manya kuma su wuce haka, amma santsin fitar zaren ya fi girman lambar muhimmanci. A shago ma ana iya gwadawa idan akwai zare a kai: a ɗaure tauraron kaɗan a ja da hannu, in ya riƙa fita yana fizge-fizge to a ajiye shi. A wurin aiki akan saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren.

Girman inji ana nuna shi da lamba. Masu lamba 100 zuwa 200 sun isa ga tsage da tufi da matsakaicin giwan ruwa, kuma mai lamba 200 yakan ɗauki kimanin mita 100 na zaren nailan mai ƙarfin laba 14. Mai nufin manyan giwan ruwa daga cikin kwalekwale ya hau zuwa 300 ko 400, ko ya ɗauki mai siffar ganga, domin kifin da zai yi gudu da zare yana bukatar ƙwarƙwaro mai ciki. Akwai kuma lambar giya, kamar 6.3:1 ko 7.1:1, wadda ke nufin sau nawa ƙwarƙwaro ke juyawa idan hannu ya zaga sau ɗaya. Ƙasa da 6 na jan manyan kifayen roba masu nutso ne, sama da 8 na tattara zare da gaggawa ne, wanda zai sayi inji ɗaya tak kuwa ya tsaya tsakanin 6 da 7 da ɗoriya. Sannan a duba ɓangaren da hannun juyawa yake, domin a betkasta ba a sauya shi daga dama zuwa hagu. A injunan Shimano, lamba mai ƙarewa da 1, kamar 151 ko 201, tana nufin hannu a hagu.

Sanda dole ta zama wadda aka yi domin wannan inji. Ana gane ta da kunamar da ke ƙarƙashin mazaunin inji, inda yatsa ke riƙewa, da kuma ƙananan zobba da ke kallon sama. Ɗora betkasta a kan sanda mai manyan zobba a ƙasa kuskure ne da ake yawan gani. Tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, wato kusan mita 2, ya dace da mafi yawan aiki. Gajera ta fi sauƙi a cikin kwalekwale ko ƙarƙashin itatuwa, doguwa ta fi kai jifa nesa daga gaɓa. Kusa da mariƙi ana rubuta ƙarfin zare da nauyin abin jifa da sandar ke ɗauka, kuma wannan rubutun shi ne abin bi. Mai alamar MH, wato mai ƙarfi ɗan sama da matsakaici, wadda ke lanƙwasa a kashi ɗaya cikin uku na samanta kawai kuma take ɗaukar giram 7 zuwa 28 ko makamancin haka, ita ce ta fi yin aiki iri-iri. Don manyan giwan ruwa a nemi mai alamar H, wadda ta fi ta ƙarfi. Sandar kabon ba ta da nauyi kuma tana isar da motsin kifi zuwa hannu, amma tana karyewa idan ta bugu da gefen jirgi, kuma tana ɗaukar wutar lantarki, don haka a kwantar da ita idan hadari ya taso ko an zo ƙarƙashin wayar wuta. Ta faiba ta fi nauyi, ta fi juriya. Mai zuwa ruwa a kan babur zai fi samun sauƙi da wadda ake rabawa biyu.

Game da zare, mai koyo ya fara da nailan mai ƙarfin laba 12 zuwa 15, domin yana da arha, kuma za a yi asarar mai yawa kafin yatsa ya saba. Rana tana cin nailan, saboda haka kada a bar inji a kan rufin mota ko bakin taga, kuma a sauya zaren idan ya fara kaushi. Idan hannu ya faɗa sai a koma zare mai kitso, wanda ba ya miƙewa kuma ya fi siranta, amma a ɗauki mai laba 30 zuwa 50, domin siririnsa yakan nutse cikin na ƙasansa idan an ja da ƙarfi, jifa na gaba kuma ya tsaya cak a tsakiya. A fara naɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa kafin a ɗaura mai kitso, in ba haka ba zai riƙa zamewa a jikin ƙwarƙwaro, kuma a bar kamar milimita 2 ko 3 kafin baki. A ƙarshen zare ana ƙara guntu mai jure gugar baki. Tsage haƙoransa suna datse nailan nan take, don haka sai guntun waya. Giwan ruwa kuwa gefen kumatunsa ne ke da kaifi, shi ya sa ake sa masa nailan ko fulorokabon (wani zare mai kama da nailan) mai kauri, daga laba 60 zuwa sama.

Kifayen roba biyu ko uku masu nutso daban-daban da cokalin ƙarfe mai sheƙi sun isa farawa. Sai dai ƙugiyoyin da ke zuwa a jikinsu sau da yawa ba su da ƙarfin bakin kifayenmu, gara a cire su tare da zobbansu a sa masu kauri. Filaya mai dogon baki wajibi ce, saboda babu mai hankalin da zai sa yatsa a bakin tsage, kuma ƙayar tarwaɗa tana da zafi. A ƙara almakashi mai yanka zare mai kitso, da ɗan dutsen wasa ƙugiya, da koma mai mariƙi ta ɗebo kifi, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa wanda kuma ke kare ido daga ƙugiyar da ta dawo, da rigar hana nutsewa ga duk mai shiga kwalekwale. Izinin sarkin ruwa ko na hukumar da ke kula da wurin ma yana cikin shiri.

Wanda zai sayi na hannu ya juya hannun injin ya saurara ko akwai ƙara, ya danna maɓallin sakin ƙwarƙwaro ya ga yana komawa da zarar an juya, ya duba ko ɗan zoben da ke jera zare yana kai-komo ba tsayawa. A sanda kuma a zura auduga cikin kowane zobe, duk inda ta maƙale akwai tsaga da za ta yanke zare. A tambaya ko ana samun kayan gyaran wannan samfurin, domin na jabu suna yawo da sunayen manyan kamfanoni.

Idan an haɗa komai, a fara gwaji a fili, ba a ruwa ba, da nauyi marar ƙugiya. A ɗaure maɓallin matse ƙwarƙwaro da ke gefen hannu har abin jifa ya riƙa sauka a hankali idan an saki, ƙwarƙwaron kuma ya tsaya da zarar ya taɓa ƙasa. A sa birkin jifa sama da rabi, a yi jifa daga gefe a natse ba da fizga ba, a ba iska baya, kuma a danne zaren da babban yatsa dab da saukar abin jifa. Akwai dabarar da ke rage wahala: a zare zare tsawon jifa ɗaya da ɗan ƙari, a manna salatif a kan sauran, a naɗe, ta yadda cukurkuɗewar ba za ta wuce nan ba. In ta faru, a ja zaren har ya tsaya, a danne ƙwarƙwaron da yatsa da ƙarfi a juya hannu rabin zagaye, a sake saki a ja. Maimaita haka yakan kwance yawancin ƙulli ba tare da an yanka ba. Birki kuwa ana rage shi mataki-mataki yayin da yatsa ke sabawa. Bayan kowace fita a goge injin, a sassauta tauraron kafin a ajiye, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan boris na ƙwarƙwaro lokaci-lokaci, kuma a lokacin hunturu a sa shi cikin jaka, domin ƙura tana taruwa a ƙarfen da ɗan zoben jera zare ke kai-komo a kansa ta cinye shi.