Ƙwallon yara a Amurka: kada a yi cinikin biri a sama

Wani ɗan'uwa da bai cika shekara da zuwa nan Columbus ta jihar Ohio ba ya tare ni bayan sallar Juma'a, waya a hannu, ya nuna mini saƙonni biyu. Kulob biyu ne suka ga ɗansa mai shekara 12 a wurin gwaji, kowanne ya ce yana so. Ɗaya ya rubuta MLS NEXT da manyan baƙaƙe a saman wasiƙarsa, ɗayan kuma ECNL, duka biyun sunayen manyan gasannin ƙwallon yara ne a nan, sannan kowanne ya ba shi kwana biyu ya biya kafin alƙalami ko a ba wani yaron gurbin. Ya ce, "Yaya, wanne ne babba?" Na ce ya zo gida mu sha shayi tukuna, don tambayar da ni ma na yi ke nan lokacin da na kawo nawa ɗan, kuma ba ƙaramin kuɗi ta ci mini ba.

A gida, yaro in ya iya taka leda, wani kocin unguwa ne zai hango shi a filin makaranta ya ce gobe ya zo tirenin. Uban sau da yawa bai ma sani ba sai ya ga takalmi a bayan ƙofa. A nan uba ne ke biya, kuma duk yadda aka hau sama kuɗin ƙaruwa yake yi. A ƙasa akwai ƙwallon nishaɗi ta unguwa, irin ta AYSO da aka kafa a Kalifoniya a 1964, inda iyaye ke zama koci kuma ƙa'ida ce kowane yaro ya buga. Sai kulob-kulob masu tace 'yan wasa suna yawo gari-gari. A ƙololuwa kuma sai waɗannan gasanni masu sunaye kamar na bankuna, waɗanda yawanci suke farawa daga ajin 'yan ƙasa da shekara 13 har zuwa 19.

Ga yadda suka samo asali a taƙaice. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta kafa tata gasar ta matasa a 2007, ta rufe ta a watan Afrilun 2020 ana tsakiyar korona. Babbar lig ɗin ƙwararru, MLS, ita ce ta ɗauki ragamar ɓangaren maza a wannan shekarar da sunan MLS NEXT. ECNL ta girme ta: an fara ta a 2009 don 'yan mata, aka buɗe ɓangaren maza a 2017. Girls Academy ita ma 'yar 2020 ce, ta mata zalla. Bayan waɗannan akwai National League ta US Youth Soccer da NPL da wasu, kowacce da kalmar “ƙasa” ko “zaɓaɓɓu” a cikin sunanta. Ga yaro namiji mai neman zama ƙwararre, MLS NEXT ce aka fi yi wa kallon ta gaba. Ga 'ya mace, masu horarwa na jami'o'i sun fi yin cincirindo a wasannin ECNL. Amma wannan magana ce ta jimla. Akwai garin da kulob mafi ƙarfi a cikinsa na ECNL ne, kuma zai lallasa na MLS NEXT da ke maƙwabtaka da shi ba tare da ya yi gumi ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne kalmar MLS ɗin nan. Kulob-kulob 30 ne a babbar lig, kuma makarantun horar da yara nasu, irin na Columbus Crew da FC Dallas da Philadelphia Union da New York Red Bulls, kusan dukkansu kyauta ne: riga, takalmi, tafiya, otal, duk a wuyan kulob. Daga irinsu 'yan wasan tawagar Amurka Tyler Adams da Weston McKennie da Brenden Aaronson suka fito. 'Yan'uwanmu na zango ma za su gane sunan Right to Dream, makarantar Ghana da ta raini Mohammed Kudus ɗan Nima. Ita ce ke bayan makarantar San Diego FC, wadda ta shiga MLS a 2025. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta kira ɗanka, to magana ta canza, ka zauna ka saurara da kyau. Sai dai mafi yawan ƙungiyoyin da ke buga MLS NEXT ba na MLS ba ne. Kulob ne masu zaman kansu da aka ba izinin shiga gasar, kuma da kuɗin iyaye suke rayuwa. Wasiƙar ɗan'uwan nan daga irinsu ta fito, shi kuwa har ya kira gida ya ce MLS ta ɗauki yaro.

Ba a nan ta tsaya ba. Kulob ɗaya yakan tara tim uku ko huɗu a shekarun haihuwa ɗaya, duk riga iri ɗaya, amma tim ta farko ce kawai ke buga gasar da aka liƙa a allon talla. ECNL tana da mataki na biyu da ake kira Regional League, MLS NEXT ma ta buɗe nata matakin na biyu a 2025. Ba aibi ba ne yaro ya fara daga nan, sau da yawa ma shi ya fi masa. Abin da ba shi da daɗi shi ne ka biya kuɗin sama a ba ka na ƙasa kana ta murna. Ka tambaya a rubuce: wace tim, wane mataki, wane koci, yara nawa ne a cikinta. Mutum 11 ke shiga fili. In an ce maka yara 22 ne, ka san akwai waɗanda aikinsu ɗumama benci da cika asusu.

Kafin duk wannan ma akwai batun takardu, wanda ba ya damun Ba'amurke haifaffen nan shi ya sa ba wanda zai tuna ya gaya maka. Dokar FIFA ta hana ɗauke yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo, sai da wasu 'yan dalilai, babban cikinsu shi ne iyaye sun yi ƙaura don wani abin da bai shafi ƙwallon ba. Saboda haka yaron da aka haifa a waje, musamman wanda ya shigo bayan ya cika shekara 10, sai an nema masa izini ta hannun hukumar ƙwallon Amurka kafin ya buga wasan gasa. Za a nemi takardar haihuwa, fasfo ɗinsa da na iyaye, shaidar inda kuke zaune, da shaidar aiki ko karatun da ya kawo ku. Ni da kaina na jawo wa ɗana zaman makonni a gefen fili. A takardar haihuwarsa an rubuta Muhammad, a fasfo Mohammed, a rajistar makaranta kuma sunan kakansa ya koma tsakiya. Matar da ke yi wa kulob rajista ta jera takardun uku a kan tebur ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wanne ne yaron. Ranar wasan farko yana sanye da sabuwar riga mai lamba 14 yana miƙa wa abokansa ruwa. Ka daidaita sunaye da ranakun haihuwa tun kafin watan Mayu da Yuni, lokacin da yawancin kulob ke gwaji. Kuma kada wani ya ba ka shawarar rage wa yaro shekara irin ta gida. A nan takardar da ka bai wa kulob ita ce ke hannun makaranta da hukumar shige da fice, ƙarya ɗaya tana iya taɓa zaman iyali gaba ɗaya.

Sai kuɗi. A kulob masu zaman kansu da ke waɗannan gasanni, kuɗin shekara yakan kama daga dala 2,000 zuwa 4,000, wani wurin ya haura. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Akwai jakar kaya da ake sauyawa bayan shekara ɗaya ko biyu, akwai mai, akwai abinci a hanya, akwai manyan tarukan wasa da ake yi a jihohi masu nisa inda sai an hau jirgi. Da yawa daga cikin gasannin kuma sharaɗi ne ka sauka a otal ɗin da masu shiryawa suka zaɓa, ko da kana da ƙani a garin mai ɗaki a buɗe. Kafin shekara ta ƙare kuɗin tafiya yana iya kamo kuɗin rajista ko ya wuce shi. Mutumin da ke tura na cefane gida duk wata, ga adashi, ga haya, ya kamata ya ɗauki biro ya yi wannan lissafi shi da uwargida kafin yaro ya ji labari, don janye yaro a tsakiyar kaka ya fi ciwo a kan hana shi tun farko. Yawancin kulob suna da asusun rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ba sa shela, mu kuma kunya ta hana mu tambaya. Ka tambaya. Mutanen Bronx suna da South Bronx United, wadda ke haɗa ƙwallo da taimakon karatu ga 'ya'yan baƙi, a Baltimore da Oakland da Boston kuma akwai Soccer Without Borders.

Abin da ya fi kuɗin cin rai a wurina shi ne hanya. Tirenin sau uku ko huɗu a mako, da yamma, daidai lokacin da mai aikin dare ke shirin fita. In fili yana da nisan minti 50, ka ninka shi zuwa da dawowa, wata goma a shekara. Daga nan zuwa Indianapolis kusan awa uku ne a mota, mukan tashi bayan asuba don wasan minti 80, mu dawo bayan isha'i, yaro na barci a baya da jikakken safa, aikin makaranta na jira. Ranakun Asabar da Lahadi kuwa su ne na Islamiyya, ga masu zuwa coci kuma safiyar Lahadi ce. Ba kulob ɗin da zai ɗaga wasa don hadda. Mu dai mun koma karatu da wani malami ta waya a daren Talata da Alhamis, kuma ba zan ce ya kai zaman gaban malam ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, ana tsaka da wasanni. Ka yi wa koci bayani tun da wuri, yadda ya karɓi maganar zai nuna maka ko wane irin mutum ne. Masu 'ya'ya mata su sani tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta amince da rufe kai a fili.

Akwai wani bambanci da yaro zai fi ka damuwa da shi idan ya shiga sakandare. A babban matakin MLS NEXT yawanci ba a barin ɗan wasa ya buga wa makarantarsa, ECNL kuwa tana tsara jadawalinta yadda zai samu dama. Ga yaron da ya zo da Turancin Kano ko Faransancin Maraɗi, yana cin abincin rana shi kaɗai, tim ɗin makaranta ita ce ƙofar samun abokai mafi sauri. Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba sai da na ga ɗana ya ci ƙwallo a gaban 'yan ajinsu, washegari kowa ya iya faɗin sunansa.

Yawancinmu abin da ke ranmu shi ne ƙwallo ta biya kuɗin jami'a. Tana yi, amma ba yadda ake zato ba. Jami'o'in rukuni na uku na NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, haka su Harvard da Yale da sauran 'yan Ivy League. A rukuni na ɗaya, shekara da shekaru kwatankwacin cikakken tallafin mutum 9.9 ne kacal aka yarda tim ɗin maza ta raba wa 'yan wasa kusan 30, mata kuma 14. An sauya tsarin a 2025, amma ƙwallon maza ba ta zama saniyar tatsa ba, kuma kocin yana da damar ɗauko ɗan shekara 20 daga Turai ko Afirka. Ba a ma yarda kocin rukuni na ɗaya ya tuntuɓi yaro ba sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10. Duk wanda ya ce maka ɗanka mai shekara 12 zai rasa jami'a in bai shiga gasa kaza bana ba, kasuwa yake ci. Maki mai kyau a makaranta ya fi kawo tallafi, kuma ko kocin ma sakamakon karatu yake fara nema.

Abin da na sa ɗan'uwan nan ya yi shi ne ya roƙi kulob biyun su ƙara masa mako guda, muka je muka kalli tirenin ɗin kowanne ba tare da sanarwa ba. A na farko, mai babban suna, yara sun fi 20, koci na tsaye da waya, ƙwallo ɗaya, layi dogo, kowane yaro ya taɓa sau ɗaya ya koma baya yana rawar sanyi. A na biyu an raba su gida huɗu, ba mai tsayuwa, kocin ya tsayar da wasa ya kama kafaɗar wani ƙaramin yaro ya juya shi ya nuna masa inda zai duba kafin ƙwallo ta iso, ya kira shi da sunansa. Muka tsaya a wurin ajiye motoci muka yi hira da iyayen yaran da ba sa farawa a wasa, don su ne ke faɗin gaskiya; uban kyaftin kullum yabo zai yi. Muka tambayi koci nawa aka sauya a shekara biyu, da minti nawa yaro na ƙarshe a jerin yake samu.

Ya zaɓi na biyun, mataki na biyu, minti 15 daga gidansa, kuma an yi masa rangwame bayan ya cika fom ɗin da da farko ya ce shi ba almajiri ba ne. Wata mata 'yar Somaliya da ke layinsu ce ke kai yaran ranar Litinin da Laraba, shi kuma ya ɗauki Alhamis da wasannin waje. Takardar izinin ce har yanzu ake jira, don shi ma an samu Abubakar a wata takarda, Aboubacar a wata.