Yadda ake farautar giwan ruwa da ƙugiya a Dadin Kowa lokacin hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke saukowa da hazo a kan madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba a jihar Gombe, masu kamun kifi da ƙugiya da yawa sukan naɗe zarensu su ce kifi ya ƙaura. Giwan ruwa bai je ko'ina ba. Jikin kifi yana bin zafi ko sanyin ruwan da yake ciki ne, saboda haka idan ruwa ya yi sanyi narkewar abinci a cikinsa takan yi jinkiri, yunwarsa ta ragu, ya daina bin ƙananan kifaye da gudu kamar yadda yake yi da bazara. Wanda yake son ya kama shi a wannan lokaci sai ya kai masa koto har inda yake kwance, ya kuma ba shi lokaci.

Abu na farko shi ne sanin ƙasan ruwan. Tafkin Dadin Kowa ya samu ne bayan da aka tare kogin Gongola, don haka tsohuwar hanyar kogin tana nan a ƙarƙashi, kuma ita ce ta fi ko'ina zurfi. A gefenta akwai gangara, da duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma a irin waɗannan wurare giwan ruwa yake fakewa yana jiran abin da zai gifta. Ba lallai ne a mallaki na'urar auna zurfi ba. Igiya mai dalma a baki, wadda aka ƙulla wa alama a kowace gaba (wato tsawon hannu biyu a buɗe), ta isa a gane inda ƙasa ta faɗa farat ɗaya daga gaba biyu zuwa biyar ko shida. Bakin wannan gangara shi ne wurin aiki. Idan an same shi, a riƙe alamarsa da wani dutse ko itace na bakin gaɓa, domin hazo yakan ɓatar da mutum a kan ruwa. Tsofaffin masunta na yankin sun san waɗannan wurare tun kafin ruwa ya rufe su, kuma ya kamata baƙo ya gaida Sarkin Ruwa ya nemi izini da shawara kafin ya jefa zare.

Batun lokaci ya bambanta da na sauran watanni. An san giwan ruwa da farauta a duhu-duhu, da asuba da almuru, saboda manyan idanunsa suna gani sosai cikin ƙarancin haske. Amma da hunturu, asuba ce lokacin da saman ruwa ya fi sanyi, kuma ƙananan karfasa sukan lafe. A ganina, sa'o'in da suka fi albarka su ne daga la'asar zuwa magariba, bayan rana ta yini tana ɗumama wuraren da ba su da zurfi, ƙananan kifaye sun taru a can, shi kuma babban ya matso bakin gangara domin ya same su cikin sauƙi. A riƙa lura da tsuntsayen ruwa, domin inda suke shawagi suna faɗawa, a nan ƙananan kifaye suke.

Koto mafi kyau shi ne ƙaramar karfasa mai rai, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. A soka ƙugiya a bayanta, ƙasa kaɗan da ƙayar baya, a kiyaye kada a taɓa ƙashin gadon baya, domin idan aka taɓa shi za ta iya mutuwa da wuri, kuma giwan ruwa bai cika kula mataccen koto ba. A ajiye sauran a bokiti ana sauya musu ruwa akai-akai. Dalma kuwa a ɗaura ta kamar kamu biyu sama da ƙugiya, nauyinta ya zama daidai wanda zai sauke koton ba tare da ya hana shi motsi ba. A sake zare har dalma ta taɓa ƙasa, sannan a ɗago kamar tsawon gaba guda, saboda giwan ruwa yakan kai hari ne ga abin da ke samansa ko daidai da shi. Masu amfani da kifin roba na kanti su ja shi a hankali ƙwarai, suna tsayawa jefi-jefi, domin sau da yawa a lokacin tsayawar ne ake cafka.

Bayan damina ruwan yakan kwanta ya yi garau, kifi yana ganin zare, don haka ana so a rage kaurinsa. Sai dai zaren ƙarshe mai tsawon kusan gaba guda, wanda ke haɗe da ƙugiya, dole ya zama lailon mai kauri, saboda gefen marfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi kamar zarto, kuma da shi yake tsinka zare idan ya yi tsalle yana girgiza kai. Wannan kifi yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake abin da aka saba kamawa bai kusanci haka ba, amma mai kilo 10 ma ya isa ya yanka yatsa. Kada a taɓa naɗe zare a hannu. A naɗe shi a jikin katako ko a yi amfani da sanda mai na'urar naɗi.

Cafkar hunturu ba ta da ƙarfi. Sau da yawa abin da za a ji shi ne zare ya yi nauyi, ko ya fara tafiya gefe a hankali. A nan ne gaggawa take sa a yi asara. A bar shi ya tafi da koton na ɗan lokaci, sannan a ja da ƙarfi sau ɗaya, a kuma yi ƙoƙarin raba shi da kututture tun da farko, domin can zai nufa. Idan ya ja a sassauta masa, idan ya tsaya a naɗo, har ya gaji ya kwanta a gefensa. Wanda bai kai tsawon kamu ɗaya da rabi ba, ina roƙon a mayar da shi ruwa, domin mai yiwuwa bai kai ga hayayyafa ba, kuma tafkin da aka kwashe ƙananansa ba ya dawowa da wuri.

Iskar hunturu takan tashi da hantsi ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafki, ƙaramin kwale-kwale kuwa ba ya jure mata. A sa rigar kariya a kan rigar sanyi, a tafi mutum biyu, a ajiye busassun tufafi a cikin leda, a kuma nisanci bangon madatsar da wurin da ake sakin ruwa. Akwai dorina a wannan yanki, kuma tana fitowa kiwo ne daidai lokacin almuru, don haka a tambayi mutanen gari inda garkenta yake a makon, a zaɓi mashigar da ta yi nesa da shi, a kuma kama hanyar gaɓa tun ana iya ganin alamun da aka riƙe.